Cin abincin Sallah a gidan surukai kafin aure: Zumunci ne ko sabon haraji?

Duk wanda ya tsaya a bakin wani lungu a Kano ko Zariya ko Katsina da hantsin ranar Sallah, bayan an sauko daga Idi, zai ga yara cikin sababbin kaya suna ta kai-komo da kuloli. Wasu na maƙwabta ne, wasu na dangi.

Amma a cikinsu akwai waɗanda suka fita daban. An jera su a kwando, an rufe da sabon mayani, kuma ba ƙaramin yaro ake bai wa su ba. Waɗannan su ne na gidan surukai, wato abincin da gidan budurwa ke aika wa gidan saurayin da manya suka riga suka san da zamansa.

Tun kaka da kakanni haka tsarin yake a ƙasar Hausa: abinci ne ke tafiya, mai ci yana zaune a gidansu.

A 'yan shekarun nan kuwa, wani salo ya fara kunno kai a gidajen 'yan boko da manyan ma'aikata, musamman a Abuja da Kaduna da sababbin unguwannin Kano. Maimakon a aika da kula, sai a gayyaci saurayin da kansa ya zo ya ci abincin Sallah tare da iyalin. A wasu gidajen ma, mahaifiyar saurayi ce ke aikawa a ɗauko budurwar ta wuni.

A ido abin ƙarami ne, cin abinci kawai. Sai dai yana taɓa abubuwa uku da Bahaushe ba ya wasa da su: kunya da addini da aljihu. Kuma ba sau ɗaya ba sau biyu ba, maganar aure ta yi tsami saboda abin da aka gani, ko aka kasa gani, a irin wannan rana.

Da can yadda abin yake

Neman aure a al'adar Bahaushe hawa-hawa ne. Ana farawa da kayan na-gani-ina-so, a kai gaisuwar iyaye, a yi baiko da sa rana, a kai lefe, sannan sadaki da ɗaurin aure. Tsakanin baiko da biki ana iya ɗaukar watanni, wani lokaci fiye da shekara, don haka da wuya a ce Sallah ko ɗaya ba ta faɗo a tsakani ba.

Idan ta faɗo, kowane ɓangare ya san aikinsa. Saurayi zai kai toshin Sallah tun cikin azumi: atamfa ko leshi, takalmi, mayafi, kuɗin ɗinki da na kitso da ƙunshi. Ranar Sallah gidan budurwa za su rama da abinci. Tuwon shinkafa da miyar taushe, waina, funkasau ko alkubus, soyayyun kaji ko zabi, da kayan ƙwalam irin su cincin da dubulan. Kulolin ba sa komawa haka nan, sai an saka tukuici ga 'yan aike.

A gidan saurayi ba shi kaɗai ke ci ba. Abokansa ne ke taruwa a shagonsa ko a zaure, a ɗiba wa iyaye da ƙanne. Nan ake yanke hukuncin farko a kan girkin gidan da za a ɗauko amarya.

Da yamma, ko washegari, saurayi da aboki ɗaya ko biyu za su je gaisuwar surukai. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, kansa a ƙasa. "An yi Sallah lafiya, Baba?" "Lafiya lau, Allah ya maimaita mana." Sau da yawa abokin ne ma ke yin maganar. A ajiye goron Sallah a gefen tabarma, a yi addu'a, a tashi. Gaba ɗaya ba a wuce 'yan mintuna.

Idan an kawo ruwa da abinci, a zaure ko soro ake ajiye su, uban yarinya kuma ya tashi ya ba su wuri. Ko a nan ɗin ma, saurayin da ya san abin da yake yi taɓawa kawai zai yi ya tsame hannu.

A Babbar Sallah lissafin kan ɗan juya. Nama ne ke tafiya, kuma a gidaje da yawa cinya ake ware wa surukai. A Jamhuriyar Nijar, inda ake banƙare raguna a jera su a jikin itace kewaye da wuta a wuni ana gasawa, rabon nama sai washegari, kuma kason surukai na cikin waɗanda ake fara fitarwa.

Me ya sa ba a ci a gaban suruki?

Wanda bai san al'adar ba zai iya ɗauka ƙyama ce ko rashin sakewa. Alhali kunya a wurin Bahaushe hanya ce ta girmamawa. Wanda kake jin nauyinsa ba ka kiran sunansa, ba ka haɗa ido da shi, ba ka buɗe baki kana tauna a gabansa.

Masanin Hausa Anthony Kirk-Greene, a wani nazari da ya fitar a 1974 kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, ya jera kunya cikin halayen da ake auna mutum da su, tare da gaskiya da amana da haƙuri da ladabi da mutunci. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwar ƙasar Zazzau aka buga a 1954, shi ma ya nuna yadda wannan nauyi ke tsara mu'amalar cikin gida, tun daga ɗan fari har zuwa surukai. Fulani kuwa sun fi kowa tsanantawa, domin kauce wa ci a gaban suruki na cikin ginshiƙan fulako.

Kunyar tana da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Garkuwa ce ga ɓangarorin biyu. Saurayin da bai shiga cikin gida ba bai ga ko tukunyar gidan ƙarama ce ba. Uban da bai zauna da saurayi ba bai saba da shi sabon da zai hana shi cewa a'a ba idan bincike ya zo da wani abu. Kula kuwa rufin asiri ce: ko da bashi aka cika ta, a rufe take isa.

Wannan tazarar ce gayyatar cin abinci ke ragewa.

Abin da ya sauya

Abu na farko ginin gida ne. Tsohon gidan Bahaushe na da zaure, wurin da ba waje ba ne kuma ba cikin gida ba. Nan ake tarbar baƙo namiji ba tare da ya ga matan gida ba. Gidajen zamani, musamman na haya a manyan birane, falo ɗaya gare su. Idan baƙo ya zo, nan zai zauna, nan uba yake, nan talabijin take, nan teburin cin abinci yake. Ko ba a yi niyya ba, gini ya haɗa waɗanda al'ada ta raba.

Na biyu, yadda ake haɗuwa. A da, saurayi ɗan unguwa ne ko ɗan dangi, an san kakansa, an san sana'ar gidansu. Yanzu ana haɗuwa a jami'a, a ofis, a wurin hidimar ƙasa, ko ta waya. Tun da aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973 ake tura matasa jihohin da ba nasu ba, kuma aure da yawa daga nan ya samo asali. Uban da aka kawo wa surukin da bai san kowa nasa ba yana da hujjar son ya zauna da shi ya ji ta bakinsa.

Na uku, cuɗanya da wasu al'ummomi. A wurin Yarabawa, zaman gabatarwa tsakanin dangin saurayi da na budurwa taro ne na ci da sha, kuma ba abin mamaki ba ne a ga wadda za a aura tana taya aiki a gidan su saurayi ranar Babbar Sallah. A ƙasar Ibo, lokacin Kirsimeti ne 'yan birni ke komawa gida, kuma da yawa a nan suke nuna wa iyaye wanda ko wadda suka samo. Bahaushen da ya tashi a Agege ko Sabo ta Ibadan, ko a unguwar Nima ta Accra, ya ga waɗannan tun yana yaro.

Akwai kuma abin da waya da talabijin ke kawowa. A Amurka, bikin godiya da ake yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba shi ne lokacin da aka fi sanin matashi na kai masoyiyarsa gidan iyaye a ci talo-talo tare, har abin ya zama jigon finafinai. A Masar, ƙasar Musulmi wadda ɗaliban Arewa da yawa ke karatu a cikinta, gayyatar saurayin da aka yi wa baiko zuwa buɗa-baki a gidan budurwa al'ada ce zaunanniya, kuma ba ya zuwa hannu rabbana. Wanda ya ga wannan zai iya tambayar kansa: idan Misirawa na yi, mu me zai hana?

Jarrabawar da ba a sanar da ita

Ko an faɗa ko ba a faɗa ba, wanda aka gayyata ya san awo za a yi masa. Matsalar ita ce ma'aunin ba ɗaya ba ne, kuma ba a gaya masa wanne za a ɗauko.

A ɗauki saurayin da aka zaunar a falo, ga uba, ga yayyen yarinya, an cika masa faranti. Idan ya noƙe bai ci ba, uwar gida da ta kwana a kan murhu za ta iya ɗauka raini ne, ko ƙyanƙyami. Idan ya zage ya cinye har da neman ƙari, wata gwaggo da ke leƙe ta bayan labule za ta ce yaron ba shi da ta-ido. A gida ɗaya ana iya samun masu ra'ayoyin biyu, domin uba ɗan boko ne, kaka kuwa tana nan a kan tsohon ma'auni.

Haka batun magana. Ya yi shiru, a ce miskili ne. Ya tsoma baki a hirar siyasa, a ce ya cika rawar kai. Ana kallon ko ya tashi da aka kira sallah, ana kallon sau nawa ya duba wayarsa, ana kallon abin da ya miƙa wa yara da zai tafi.

Ga budurwa abin ya fi nauyi. Saurayi baƙo ne da ake yi wa hidima. Ita kuwa idan ta je gidan su saurayi, tambayar farko ita ce: ta zauna ko ta shiga kicin? Ta zauna, a ce 'yar hutu ce, ba za ta iya da gidan yawa ba. Ta ɗaura zane ta kama wanke-wanke, wasu su ce ta cika zaƙewa, tun ba a kawo ta ba ta kawo kanta. Dangin miji mata, waɗanda su ne za ta fi zama da su bayan aure, suna lura da yadda ta gaida Hajiya, da ko ta durƙusa har ƙasa, da irin mayafin da ta yafa.

Shi ya sa gidaje da yawa da suka amince saurayi ya zo ya ci abinci ba sa yarda 'yarsu ta je nasu gidan. A ganinsu, darajar 'ya mace ita ce a zo a same ta a gidan ubanta.

Lissafin aljihu

Da a ce wannan sauyi ya zo a lokacin yalwa, da muhawarar ba ta yi zafi haka ba. Amma ya zo ne daidai lokacin da magidanta ke cikin matsin da suka daɗe ba su ga irinsa ba.

A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin kayan abinci ta kai kashi 40.87 cikin 100 a watan Yunin 2024. A watan Yulin shekarar aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, a daidai lokacin da kuɗin ba sa sayen buhun shinkafa mai kilo 50 a kasuwanni da dama. Ko da farashin hatsi ya ɗan sauko daga baya, bai koma inda ya fito ba.

Ragon layya ma bai tsira ba. A watan Mayun 2025, gab da Babbar Sallah, gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi zuwa waje domin ta sauƙaƙa farashi a cikin gida. Kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari da Mai'aduwa da Illela, waɗanda suka dogara da dabbobin Nijar, sun ji a jikinsu.

A cikin wannan yanayi ne jerin abubuwan da ake sa ran saurayi ya yi ke ƙara tsawo. Bayan toshin Sallah, an samu kwandon azumi: madara, sukari, kayan shayi, ƙwai, dankali, dabino, abaya, wani lokaci har da sabuwar waya. Kayan shan ruwa da a da ake kai wa iyayen yarinya a asirce, ɗan gero da sukari, yanzu an naɗe su da leda mai ƙyalli ana ɗaukar hoto ana sakawa a TikTok da Instagram. Kusan duk azumi sai an tafka muhawara a kansa a shafukan sada zumunta.

Gayyatar cin abinci ba ta maye gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ƙari ce. Wanda aka gayyata ba zai zo hannu biyu ba: ga katan ɗin lemo, ga turaren Baba, ga atamfar Mama, ga sababbin kuɗi na barka da Sallah ga ƙanne da 'ya'yan maƙwabta da za su cika gidan da zarar sun ji angon Anti ya zo. Ga sabuwar shadda, ga man mota, wani ma sai ya ari motar.

Gidan budurwa ma ba su huta ba. Abincin da za a zuba a kula ana iya dabara a kansa. Wanda za a jera a tebur a gaban baƙo kuwa sai an fito da kala uku ko huɗu, a sayi sababbin faranta, wani gidan har da sauya labule. Uban da ke fafutukar haɗa kayan ɗaki ya samu wani ramin da zai zuba kuɗi.

Hausawa sun daɗe da cewa Sallah bikin ɗaya rana ce, takan wuce ta bar wawa da bashi. Abin da ya bambanta yanzu shi ne masu hankali ma na cin bashin, don gudun kada a ce sun gaza.

Ina addini ya tsaya?

A fiƙihu, baiko alkawarin aure ne, ba aure ba. Har sai an ɗaura, saurayi da budurwa baƙin juna ne a shari'a. Kalmar suruki da ake kiran saurayi da ita tun kafin biki ta al'ada ce kawai. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya hana namiji keɓewa da macen da ba muharramarsa ba, kuma baiko bai ɗage wannan hani ba.

A ɗaya hannun, Musulunci ya kwaɗaitar da sanin juna kafin aure. Tirmizi da wasunsa sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci Mugira ɗan Shu'uba da ya je ya ga matar da yake nema, domin hakan ya fi sa zaman ya ɗore.

Idan aka haɗa biyun, sai a ga wani abu da masu sukar sabon salon ba su cika lura da shi ba. Saurayin da ke zaune a falo tare da uba da yayye, a idon kowa, ya fi kusa da abin da shari'a ke so a kan wanda ke faka mota mai baƙin gilashi a ƙofar gida bayan isha'i, zancen da malamai suka daɗe suna kokawa a kansa. Inda ake samun matsala shi ne idan zaman ya zama cakuɗa, ko aka tashi aka bar su su biyu da sunan ai an kusa zama ɗaya.

Zuwan budurwa gidan su saurayi ya fi wuyar karewa ta wannan fuska, domin a can babu muharraminta. Gidajen da ke yin hakan da lura sukan haɗa ta da yayarta ko ƙanwar mahaifiyarta, su tsaya a ɓangaren mata, su dawo kafin magariba.

Game da kashe kuɗi kuwa, mazhabar Malikiyya da aka fi bi a wannan yanki ta sanya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari. Duk sauran, daga toshi har kwandon azumi, al'ada ce. Ba laifi ba ne ga mai hali, amma ba sharaɗi ba ne ga mara shi.

Idan auren ya fasa fa?

Nan ne tsohuwar tazara ke nuna hikimarta. Ba kowane baiko ke kaiwa ga ɗaurin aure ba. Bincike kan zo da abin da ba a zata ba, gwajin jini kan raba, zuciya kan sauya.

Malaman Malikiyya sun yi bayani a kan kyaututtukan neman aure. Fitaccen ra'ayi shi ne, idan namijin ne ya janye ba ya karɓar abin da ya bayar, idan kuma daga ɓangaren macen ne yana da damar neman kayansa, sai dai idan akwai sharaɗi ko al'adar da ta saɓa wa hakan. Rigingimun mayar da kayan aure na cikin ƙararrakin da kotunan shari'a a Arewa suka saba gani.

Atamfa ana iya mayarwa. Amma akwai abin da ba ya mayuwa. Saurayin da ya ci Sallah a gida ya ga ciki da wajensa: ya san kishiyoyi ba sa ga-maciji, ya ga yayan da ke zaman kashe wando, ya ji abin da bai kamata bare ya ji ba. Hotunan da aka ɗauka a tebur suna nan a wayoyin mutane da yawa.

Kuma asarar ba daidai take faɗa wa ɓangarorin ba. Namijin da ya ci abinci a gida uku kafin ya yi aure babu mai tuna masa. Budurwar da aka gani ta wuni a gidan wani, har ana kiranta amaryarmu, idan abin ya watse sai ta sha tambaya daga duk wanda ya zo daga baya. Wannan ne ya sa iyaye da yawa ke cewa idan ma za a yi, sai bayan an sa rana, ba tun ana zance ba.

Abin da tebur ke nunawa da wanda ba ya nunawa

Duk da haka, ba a rasa abin ƙaruwa a zaman. Akwai halayen da sa'a biyu kan tona: yadda mutum ke magana da mai aikin gida, yadda uwa ke yi wa 'ya'yanta tsawa, ko maigida na da ta-cewa a gidansa, ko ana jin kiran sallah a tashi. Ga wadda za ta bar gidansu ta koma cikin wasu mutane, ganin waɗannan tun da wuri ba ƙaramin abu ba ne. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Amma ranar Sallah ita ce ranar da kowa ke sanye da mafi kyawun kayansa da mafi kyawun halinsa. Mashayi kan iya daurewa na wuni ɗaya. Mai bashi har wuya kan iya zuwa da shadda mai maiƙo. Abin da maƙwabta da abokan aiki da limamin unguwa suka sani game da mutum, faranti ba zai faɗe shi ba. Haɗarin shi ne iyaye su ɗauki kyakkyawan zama ɗaya a matsayin bincike, su daina tura wakilai su tambayo.

Matakai biyu da aka ɗauka a Kano sun nuna inda ainihin damuwar al'umma take. A watan Oktoban 2023 gwamnatin jihar, ta hannun Hukumar Hisbah, ta aurar da ma'aurata 1,800 a auren gata, shaidar cewa tsada ce ke tsare mutane da yawa a bakin ƙofar aure. A watan Mayun 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da na ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini saboda sikila, shaidar cewa jama'a sun yarda akwai abubuwan da ya kamata a sani kafin a ɗaura.

Da waɗannan ma'aunai biyu za a iya auna kowace sabuwar al'ada ta neman aure: tana ƙara sanin juna, ko tana ƙara tsada? Gayyatar cin abincin Sallah na iya faɗawa ko'ina. Idan an yi ta bayan sa rana, aka ci abin da gidan ya saba ci, manya suka faɗa tun farko cewa ba a buƙatar baƙo ya riƙo komai, aka kuma ajiye wayoyi, to zumunci ce, kuma zumunta a ƙafa take. Idan kuwa ta zama fagen nuna wa duniya abin da aka kawo da abin da aka dafa, nan da 'yan shekaru za ta bi sahun lefe: abin da aka fara don kyautatawa ya rikiɗe ya zama sharaɗi.

Wanda ke da ikon saita abin shi ne mai gayyata. Saurayi ba zai iya cewa surukinsa a rage ba, budurwa ba za ta iya ce wa uwar miji ba za ta zo ba. Uba ne kaɗai zai iya aika wa yaro cewa ya zo yadda yake, kuma uwa ce kaɗai za ta iya hana 'yan leƙe ƙirga lomar baƙo.

A mafi yawan unguwanni dai har yanzu kula ce ke tafiya, ta dawo da tukuici, saurayi ya durƙusa a zaure ya gaida Baba ya tashi. Gidan da ya zaɓi ya tsaya a nan bai ci baya ba, wanda ya buɗe falonsa ma bai yi saɓo ba. Abin da zai rage bayan an wanke kwanuka shi ne ko gidajen biyu sun ƙara ganin girman juna, ko kuwa wani ya koma gida yana lissafin bashin da zai biya kafin wata Sallar.